KANSAR BABBAN HANJI: NA'URA NA KIRAN MUTANE WURIN AWO

Kowane manomi ya san ƙuduji. Kafin ya fito bisa ƙasa, ya daɗe a ƙarƙashi yana tsotson saiwar hatsi. Ran da aka ga furenshi, ya riga ya yi ɓarna. Akwai wata cuta ta ɗan Adam mai irin wannan hali. Sunanta kansar babban hanji. Wasu na ce wa kansa ciwon daji, wasu kuma sankara.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekara ta 2020 cutar ta kama mutum sama da miliyan 1 da dubu 900. A wannan shekara ta kashe sama da mutum dubu 930. Cikin dukan irin kansa, kansar huhu kaɗai ta fi ta kisa.

Amma wannan cuta tana da dama guda: ana iya gano ta tun ba ta yi ƙarfi ba. Akwai awon da ake yi don haka. Wahalar ita ce mutane da yawa ba su zuwa awon, ko a ƙasashen da yake kusa da su. Shi ya sa wasu likitoci na Amurka suka nemi taimakon na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ake ce wa kwamfuta. Sun so na'urar ta yi wa kowane mutum bayani daidai da halinshi. Abin da suka gano yana da amfani har ga wanda bai taɓa ganin na'urar ba.

Ƙaƙa cutar take farawa?

Abinci in ya bar tumbi, yana bi ta ƙaramin hanji. Daga nan ya shiga babban hanji. Tsawon babban hanji wajen metir 1 da rabi ne. Aikinshi shi ne tsotse ruwa daga sauran abinci, ya tara bayan gida har lokacin fitarshi.

Wani lokaci ɗan tsiron nama yakan fito a cikin bangon hanjin. Da fari bai wuce ƙwayar wake ba. Ba shi ciwo, ba shi hana cin abinci, ba shi hana noma. Yawancin irin wannan tsiro ba su zama komi. Amma wasu suna girma sannu sannu, har su rikiɗe su zama kansa. Wannan yakan ɗauki shekara 10 ko fiye.

Shekara 10 lokaci ne mai yawa. In aka gano tsiron cikin wannan lokaci aka cire shi, kansar ba za ta samu wurin zama ba. Ko ta riga ta fara, in ba ta wuce hanji ba, likita na iya yin aiki ya yanke wurin. A Amurka an ƙidaya: cikin mutum 10 da aka gano cutarsu tun tana cikin hanji, wajen 9 suna raye bayan shekara 5. In kuwa ta riga ta bazu zuwa hanta ko huhu, waɗanda ke raye bayan shekara 5 ba su kai 2 cikin 10 ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A sani kuma: wannan cuta ba a ɗaukarta daga wani. Ana cin abinci ƙwarya guda da mai ita, babu komi.

Wane irin awo ake yi?

Awo iri biyu aka fi sani.

Na fari, awon bayan gida. Tsiro ko kansa sukan zubar da jini kaɗan kaɗan, wanda ido ba shi gani. Ana ba mutum ƴar kwalba mai ɗan tsinke a ciki. A gidanshi zai dangwali bayan gidanshi da tsinken, ya maida cikin kwalba, ya rufe, ya kai wurin awo. Can za a duba ko akwai ɓoyayyen jini. Ba ciwo, ba allura. A Amurka ana yin shi kowace shekara. A Faransa ana kiran maza da mata masu shekara 50 zuwa 74 su yi shi kowace shekara 2.

Na biyu, duban cikin hanji. Ana gobe za a yi, mutum zai sha maganin wanke ciki. Ran awo a ba shi maganin barci. Likita ya sa wani siririn tiyo mai taushi ta dubura. Kaurin tiyon kamar ɗan yatsa ne, da fitila da kamara a bakinshi. Likita na ganin cikin hanji a bisa allo kamar telebijin. In ya ga tsiro, nan take zai cire shi. In hanjin lafiya lau yake, sai bayan shekara 10 za a sake.

In awon bayan gida ya nuna jini, tilas a bi shi da duban cikin hanji. In ba a yi haka ba, an yi aikin banza.

An tabbatar awon na ceton rai. A jihar Minesota ta Amurka an bi mutum sama da dubu 46 har shekara 13. A 1993 aka bayyana abin da aka gani: awon bayan gida kowace shekara ya rage mutuwa daga wannan cuta da kashi 1 cikin 3. Da can a Amurka ana fara awon daga shekara 50. A 2021 aka maido shi daga shekara 45, don an lura cutar na ƙaruwa ga waɗanda ba su tsufa ba.

Mi ke hana mutane zuwa?

Dalilin kowa daban ne. Wani bai taɓa jin labarin awon ba. Wani ya ji, amma ya ce shi lafiyarshi lau, mi zai kai shi? Wani kunya yake ji, don maganar bayan gida da dubura tana da nauyi a baki. Wani ƙyama. Wani tsoron tiyo. Wani tsoron a ce mishi yana da kansa, ya ce gara kar ya sani. Wani kuɗi ne babu, ko hanya ta yi nisa.

Likita kuma ba shi da lokaci. Mutane na jira a waje. Ya duba hawan jini, ya duba ciwon sukari, ya rubuta magani, lokaci ya ƙare. Takardar bayani da ake rabawa magana guda take yi wa kowa. Kuma ko a Amurka akwai manya da yawa da karatu ke yi wa wuya.

Na'urar da ke auna mutum kafin ta yi magana

Tela na kirki ba shi ɗinka wa kowa riga iri guda. Sai ya auna kafaɗa, ya auna tsawo, sannan ya sa almakashi. Haka aka shirya wannan na'ura.

Ana ajiye ta a wurin da marasa lafiya ke jiran ganin likita. Wata tana bisa tebur. Wata kuma ta hannu ce, ba ta kai allon almajiri girma ba. Mutum ya zauna, ya sa abin saurare a kunne. Murya na karanta mishi tambaya, shi kuma ya taɓa amsa da yatsa.

Tambayoyin irin waɗannan ne: Shekarunka nawa? Wane harshe ka fi ji? Ka taɓa yin awon? Kana da niyyar yi? Mi ka fi jin tsoro? Kana ganin za ka iya?

Tun da fari masana sun zuba bayani iri iri a cikin na'urar, da murya da hoto mai motsi. Ita ba ta ƙirƙiro komi ba. Aikinta shi ne ta zaɓo bayanin da ya dace da amsar mutum.

Ga misali. Wanda ya ce lafiyarshi lau, za a nuna mishi yadda tsiro ke girma shekara da shekaru ba tare da ciwo ba. Wanda ya ce yana tsoron tiyo, za a faɗa mishi ana ba da maganin barci, kuma akwai awon bayan gida da ba a sa komi a jiki. Wanda ya ce ba zai iya ba, za a nuna mishi yadda ake riƙe kwalba da tsinke, daki daki. Wanda ya riga ya yi niyya, ba za a ɓata mishi lokaci da lallashi ba. Za a nuna mishi abin da zai ce wa likita kawai.

Na'urar ba ta gajiya. Ana iya maimaita bayani sau 3, ba ta fushi. Ba ta dariya, ba ta kai labari kasuwa. Mutum kan faɗa mata abin da yake jin nauyin faɗa wa ɗan'uwanshi. Kuma ba sai wanda ya ƙware da karatu ba, tun da murya ce ke magana.

Amma na'urar ba likita ba ce. Ba ta duba jiki, ba ta gano cuta, ba ta ba da magani. Malama ce kawai.

Mi aka gani da aka gwada ta?

Likitoci ba su tsaya ga yabon na'urar ba. Sun gwada ta. Ga yadda ake gwaji: a raba mutane gida biyu da ƙuri'a. Gida guda a yi musu sabuwar dabara, gida guda a yi musu wata. Bayan wani lokaci a ƙidaya nawa suka yi awon.

Gwaji na fari. A 2005, Dokta David Miller da abokan aikinshi na jami'ar Wake Forest, a jihar Karolina ta Arewa, sun bayyana gwajin da suka yi da mutum 204. Wasu malaman asibiti suka koya musu yadda ake awon bayan gida. Wasu na'ura ta koya musu. Cikin 100, mutum 63 na wajen malaman asibiti suka maido awonsu. Na wajen na'ura 62 suka maido. Ke nan na'ura ta iya koyarwa kamar mutum.

Gwaji na biyu. Dokta Anthony Jerant na jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya jagoranci wani babban gwaji da mutum 1,164, masu shekara 50 zuwa 75. An bayyana shi a 2014. Na'urar na magana da Ingilishi da Sifaniyanci. Rabin mutanen sun samu bayani daidai da halin kowa. Rabin sun samu bayani iri guda. Waɗanda aka auna halinsu sun fi fahimta. Sun fi samun ƙarfin zuciya. Sun fi tada maganar a gaban likita. Amma da shekara ta zagayo aka ƙidaya, sai aka ga abin mamaki. Cikin 100, mutum 23 suka yi awon a gida na fari, 22 a gida na biyu. Kusan babu bambanci. Sani ya ƙaru, amma aiki bai ƙaru ba.

Gwaji na uku. Dokta Miller da mutanenshi suka shirya wata dabara mai suna mPATH, a bisa allon hannu na iPad. Sun gwada ta da mutum 450 a gidajen likita 6 na jiharsu, aka bayyana a 2018. Da yawa cikin mutanen talakawa ne. Fiye da 1 cikin 3 suna shan wuya wurin gane bayanin lafiya a rubuce. Wannan karon na'urar ba ta tsaya ga bayani ba. Bayan ta nuna hoto mai motsi na ƴan mintoci, sai ta ba mutum dama ya zaɓi irin awon da yake so, ya nemi a rubuta mishi shi nan take da taɓawar yatsa. In ya koma gida, saƙo na zuwa mishi ta tarho ko ta intanet, ana tuna mishi, ana ƙarfafa mishi zuciya. Gida na biyu kuwa an nuna musu bayani bisa abinci da motsa jiki.

Bayan mako 24 aka ƙidaya. Cikin 100, mutum 30 na wajen mPATH sun yi awon. Na gida na biyu 15 suka yi. Ninki biyu ke nan.

Mine ne darasin?

Gwaji na biyu da na uku duka na'ura ce. Bambancin shi ne: ta biyu ta yi magana ta tsaya. Ta uku ta yi magana, ta buɗe hanya, ta kuma bi mutum har gida da tuni.

Manomi ya san haka. Malamin gona na iya yin bayanin sabon iri har kowa ya gamsu. Amma in irin ba shi kusa ran da ruwan shuka ya sauka, tsohon iri za a shuka. Niyya takan yi sanyi tsakanin ƙofar gidan likita da ƙofar gida.

A lura kuma, ko a gwaji na uku, mutum 70 cikin 100 ba su yi awon ba. An rubuta wa 69 awo, amma 30 kaɗai suka kai ƙarshe. Na'ura ba ta biyan kuɗin mota. Ba ta rakiya zuwa asibiti. Wannan aikin dangi ne da ma'aikatan lafiya da hukuma.

A Afirka fa?

A kudu maso yammacin Najeriya an yi wani bincike da aka bayyana a 2022. Ba da na'ura aka yi ba. An raba kwalaben awon bayan gida ga mutum sama da 2,000. Mutum 9 cikin 10 sun maido nasu. Wannan ya nuna in aka yi wa mutane bayani, aka kawo abin kusa, kunya ba ta hana su.

Wajen mutum 1 cikin 5 an ga alamar jini a awonshi. An duba cikin hanjin mutum 285, aka samu kansa ga mutum 3. Ke nan ganin jini ba shi nufin lalle kansa ce. Basir na kawo jini. Atini da tsutsar ciki ma haka. Amma ido ba shi iya rarrabewa, sai awo. Kuma wajen 1 cikin 3 na waɗanda aka ga jini a awonsu ba su je duban hanji ba. Nan ma an ga yadda mutane ke zubewa a tsakiyar hanya.

A Nijar akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa a Yamai. A 2021 aka fara yi wa masu kansa magani da hasken na'ura a can. Hanyar zuwa manyan asibitoci tana farawa daga gidan likita mafi kusa.

Alamomin da ba a jira da su

Awon da aka yi bayani a sama na masu jin lafiyarsu lau ne. Wanda ya riga ya ga alama, kar ya jira shekara 45, kar ya jira na'ura. Ga alamomin:

1. Jini a bayan gida, ja ko baƙi.
2. Zawo ko taurin bayan gida da ya ƙi wucewa har makonni.
3. Bayan gida ya sirance ba kamar da ba, ko mutum ya ji kamar bai gama ba.
4. Ciwon ciki ko kumburi da ke dawowa kullum.
5. Rama ba tare da dalili ba.
6. Kasala da ƙarancin jini.

Mutane da yawa in sun ga jini sai su ce basir ne. Su sha sassaƙe da jiƙo wata da watanni. In basir ne, likita zai faɗa, kuma akwai magani. In kuwa ba basir ba ne, kowane wata da ya wuce cutar ce ke cin riba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A faɗa wa likita gaskiya: yaushe jinin ya fara, wane launi ne, sau nawa. In an sha maganin da ya bada jinin bai tsaya ba, a koma a shaida mishi.

Wanda uwa, ko uba, ko ɗan'uwanshi na jini ya taɓa yin wannan cuta, ya faɗa wa likita ko bai ga alama ba. Irin wannan mutum ana fara auna shi da wuri.

Mi ke ƙara haɗari, mi ke rage shi?

Haɗarin na ƙaruwa da shekaru, ga maza da mata. Taba da giya na ƙara shi. Ƙiba mai yawa da zama wuri guda ma haka. Yawan cin jan nama kullum, da naman gwangwani, da wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi, shi ma yana ƙarawa.

Abincin da ke taimakon hanji kuwa yana nan cikin rumbu da garka: hatsi da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba, wake, zogale, rama, yakuwa, kabewa da ƴaƴan itace. Tafiya a ƙasa da aikin gona su ma kariya ne. Amma abinci mai kyau ba shi maye gurbin awo.

Aikin makarantar yaƙi da jahilci

Dabarar na'urar ba ta fi ƙarfin ƙauye ba. Abu uku ne: a tambayi mutum abin da ke hana shi, a ba shi amsa daidai da damuwarshi, a taimake shi har ya kai ƙarshe.

Wanda ya koyi karatu zai iya karanta wa iyayenshi da maƙwabtanshi waɗannan alamomi 6. Maza su yi wa maza, mata su yi wa mata, a keɓe, don kar kunya ta rufe baki. In wani ya ce ya ga alama, kar a tsaya ga cewa Allah ya sawwaƙe. A tambaye shi mi ke hana shi zuwa gidan likita. In tsoro ne, a yi mishi bayani. In kuɗin mota ne, dangi su haɗa. A sa rana, a rubuta ta a takarda, a samu mai raka shi. In likita ya tura shi babban asibiti a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, a riƙe takardar da kyau, a tafi cikin lokaci. In ya dawo, a tambaye shi mi aka ce, da ranar da zai koma.